Faifan Yamai Ba Ya Tambaya Sau Biyu

Tun da muka dawo daga Yamai kunnena bai huta ba. A makaranta malamai 'yan'uwana su tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai keke napep ɗin da ke kai ni aiki ya waiwayo yana tuƙi ya ce, "Malama Balki, wai da gaske tsohuwar nan ta ƙi inji?" Kowa ya ga guntun bidiyon da ke yawo a waya, kowa kuma ya kafa nasa tafsirin. To, na gaji da ba da labari gutsure-gutsure. Ga shi nan daga tushe, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta, ni in samu in sha ruwa.

Tsohuwar da kuka gani Goggo Tumba ce, yayar mahaifina, mai fura a Shinkafi. A rugar kakanninta na wajen uwa ta tashi, can gefen Katuru, kuma daga can ta kwaso wata ɗabi'a da duk dangi muka haddace: Goggo ba ta karɓar abu a tayin farko. Ko ruwa ka miƙa mata tana mutuwa da ƙishi, sai ta ce, "A'a, bar shi." Ka sake, ta ce, "Kada ka wahal da kanka." Sai a na uku za ta miƙo hannu biyu ta sa maka albarka. Wanda ya san ta ya san karatun.

Bara kafaɗarta ta dama ta gaza. Tun tana budurwa take daka, likita ya ce ta ajiye taɓarya ko hannun ya ajiye ta. Ta gwada kai gero injin unguwa, masu sayen fura suka fara cewa suna jin ƙamshin barkonon wasu a ciki. Ɗanta na fari, Yaya Bello, ma'aikaci ne a Gusau, ya ce ta bar sana'a ta koma wurinsa, ga ɗaki ga fanka. Ita kuwa jin zancen Gusau take kamar an ce mata kurkuku.

"In tahi in zamna a riƙa miƙo min tuwo awa akuyar ɗaure?" in ji ta. "Wa za shi gaishe ni can? Nan ko sarkin hwawa sai ya tsaya ƙohwata."

Abin da take so ɗan ƙaramin injin niƙa ne nata na kanta. Yaya Bello ya taɓa cewa, "Inna, ko in saya miki inji?" Ta ce, "A'a, bar shi, hidima ta yi maka yawa." Shi kuwa boko da zaman birni sun wanke masa karatun gida, sai ya ce, "To," ya tafi ya ci gaba da fentin ɗaki. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ni kaɗai ta faɗa wa. Ko sunansa ba ta kamawa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "mutumin Gusau". An tsayar da magana a kan in an gama girbi zai zo da mota ya ɗauke ta.

Ana cikin haka sai sukari ya shigo zancen. Akwai wani sukari mai ƙwaya da ake kawowa kasuwar Shinkafi daga Nijar, shi take sa wa masu son fura da zaƙi. A cikin kwalin akwai lamba, in ka tura ta waya ana iya kiranka wani shirin talabijin a Yamai ka juya faifan kyauta. Na tura mata don wasa. Ashe rabo na kira, sai ga waya: a zo da ita da ɗan rakiya ɗaya, mota da masauki duk nasu. Muka nemi shirin a waya muka kalla, sai ga hoton injin niƙa a jikin faifan, ja, sabo fil. Goggo ta daɗe tana kallonsa. Ta aika aka tambayo mata malamin unguwa ko caca ce, ya ce tunda ba ta zuba komai ba, sukarin da ma saye take, kyauta ce. Washegari ta daka fura da hannun maƙwabciya ta cika ƙwarya, wai ba a zuwa garin mutane hannu rabbana.

Na je Shinkafi na ɗauko ta muka kwana Kaura, da rana ta ɗaga muka kama hanyar Zurmi. Kun san yadda hanyar take yanzu, ba a sammako ba a yamma, kowa bakinsa da addu'a. An cusa mu a bayan mota kamar buhunan gero, ƙwaryar Goggo a kan cinyata. Muna shiga Zurmi taya ta yi faci. Muna zaune a inuwar wani shago wani dillalin shanu da muke mota ɗaya ya sayo balangu mai zafi ya ajiye gaban Goggo.

"Bismillah, Inna."

"A'a, Alhaji, na ƙoshi."

"Haba Inna, ko yanka ɗaya."

"Kada ka wahal da kanka."

"Don girman Allah, Inna."

Sai ta gyara zama. Wallahi Alhajin nan albasa kawai ya tsira da ita. Da muka koma mota ta raɗa mini, "Wanga ɗan mutane na, an yi mai tarbiyya."

A kan iyaka, bayan Jibiya, aka sauke mu duka aka duba takardu. Jami'anmu na nan suka gama, muka taka zuwa na can masu kakin da ba irin namu ba. Ɗaya ya nuna ƙwarya ya ce mene ne a ciki. Goggo ta buɗe faifan rufi ta ce, "Hura ta, ɗana, bismillah." Kafin ta rufe baki ya ɗauki curi biyu ya ce ya gode, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Har muka isa Maraɗi tana jinjina abin.

"Ko kara bai yi ba, Balki! Tayi ɗaya!"

Na ce, "Goggo, ke kika ce bismillah."

"To don na ce?"

Maraɗi kam gida ce. Hausarsu irin tamu, tuwonsu irin namu, sai dai makaranta ta koma lakwal, ɗan acaɓa ya koma kabu-kabu, burodinsu kuma dogo siriri mai tauri, Goggo ta ce wannan ai sandar kiwo ce aka gasa. Mun kwana gidan wata 'yar ƙawarta da ke aure can, wadda ta san karatun har ta wuce malaminta. Sai da ta yi wa Goggo tayin ƙarin miya har na ƙosa.

Daga nan muka hau doguwar bas zuwa Yamai. Tafiya ce ta yini guda, ta Ƙonni, ta Dogon Dutsi, ta Doso, direba ba ya tsayawa sai sallah. Kusa da mu wani saurayi ne ɗan gayu da abin jin waƙa toshe a kunne. Ya buɗe kilishi, ƙamshi ya cika motar, ya miƙo wa Goggo. Ta ce, "A'a, bar shi." Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da abin kunnensa, ya cinye tas a gabanta, har ya karkaɗe takardar a baki. Na danne dariya har cikina ya yi ciwo. Goggo ta kalli taga ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Masaukin da suka ba mu otal ne mai bene kusa da kogi. Goggo ta ƙi hawa gado, wai laushinsa zai ƙarasa mata kafaɗa, ta shimfiɗa zane a ƙasa. Wurin cin abinci aka kawo mana shinkafa da kifi da wani kwaɗon zogale da suke ce wa kopto, mai daɗi ƙwarai. Ta ɗan taɓa ta janye hannu irin na kunya. Wata ma'aikaciya ta zo ta ce, "Kin gama?" Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai ga faranti ya yi sama ya tafi. Daren nan furarta ce ta cece ta. A nan na fara damuwa, don na ga garin nan ba a maimaita tayi.

Da safe aka kai mu gidan talabijin. Sanyin ɗakin kamar cikin randa, fitilu kuwa sun fi na gidan biki. Ga faifan nan a tsaye ya fi mutum tsawo, an yanka shi gida-gida, kowane gida da launinsa da hoton kyautarsa: keken ɗinki, firiji, buhun shinkafa, bokitan roba, injin niƙa, da wani baƙin gida da ba komai a cikinsa. A gefen faifan an jera ƙusoshi, a sama kuma akwai wani ɗan harshe na roba da ke karo da su yana ƙas-ƙas-ƙas in faifan na gudu.

Wata Madam Ramatu, mai takalmi mai tsini da Hausar Damagaram, ta tara masu wasa ta karanta musu doka. Ta ce faifai sai ya zagaya cikakke aƙalla sau ɗaya, in bai kai ba juyin bai ƙirgu ba, ko a kan me ya tsaya. In ka sake shi kada ka ƙara taɓa shi, ko da gefen riga. Gidan da harshen robar ya kwanta a ciki shi ne naka, ba wanda idonka ya fi so ba, in an yi gardama kuma akwai alƙali a bayan gilashi mai duba hoto. Wanda ya faɗa baƙin gida ya tafi hannu wofi.

"Doka doka ta, ba a gardama da ita," in ji Goggo, tana gyaɗa kai. Ita duk wannan ya yi mata daidai.

"Saura babbar," in ji Madam. "In faifai ya tsaya, mai gabatarwa zai tambaye ka: ka karɓa, ko ka bari ka sake juyawa? Tambaya ɗaya ce. Abin da ya fara fita bakinka shi ne, sai a buga ƙararrawa. In ka bari, ya tafi ke nan, abin da juyi na biyu ya ba ka dole ka ɗauka. 'Yan rakiya kuma ku zauna cikin 'yan kallo, wanda ya yi magana an soke wasan ɗan'uwansa."

Na ja Goggo gefe na riƙe hannunta.

"Goggo, don Allah don Annabi, in ya tsaya kan inji me za ki ce?"

"Na karɓa."

"Sake faɗa."

"Ke Balki, ni yarinya ta? Na ce na karɓa!"

Muka maimaita har ta fara harara ta. Madam ta lura da kafaɗar ta ce ai tana iya juyawa da hagu. Goggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Rabo da hagu? Allah shi kiyaye." Aka shafa mata hoda tana ture hannun mai shafawar, ni kuma aka kai ni kujera. Akwai wani mutum a gaba da ke ɗaga hannu in ana so mu yi tafi, ya sauke mu yi shiru. Ban taɓa ganin inda tafi ma sai da izini ba.

Wani tela daga Tawa ne ya fara. Faifai ya tsaya masa a kan keken ɗinki, tela fa! Amma idonsa na kan firiji, ya ce a bari. Ƙararrawa ta yi ƙara, ya sake juyawa, harshe ya kwanta a baƙin gida. Ya fita yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Na hango bakin Goggo na motsi, na san kwaɗayi mabuɗin wahala take faɗa.

Aka kira ta. Ta kama faifan da hannun dama ta ja, hannun ya ƙi. Faifan ya ɗan gangara kamar mai jin barci, ƙas, ƙas, ya tsaya cak a baƙin gida. Ɗaki ya ɗauki salati. Sai mai gabatarwa ya ɗaga hannu ya ce faifai bai zagaya ba, juyin bai ƙirgu ba, Inna ta sake. Dokar da na raina ita ta cece mu.

Goggo ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu. Ta kama ƙusa da hannu biyu ta yi sama da dugadugai, ta sauke shi yadda take sauke taɓarya a turmi. Na ga zafin ya ratsa fuskarta. Faifan ya yi ta gudu har launukan suka haɗe, sannan ya fara sanyi. Ya wuce shinkafa. Ya wuce firiji. Harshen ya lanƙwashe a kan ƙusa kamar ba zai tsallaka ba, ya tsallaka, ya kwanta a kan inji. Ban jira mai ɗaga hannu ba, na yi guɗa.

To, a nan ne aka samu matsala, kuma ni har gobe mai gabatarwar nan nake ɗora wa laifi, don ladabinsa ne ya kashe mu. Da ya daka mata tsawa irin yadda yake wa sauran, da ta amsa abin da muka haddace. Sai yaron nan, cikin shaddarsa, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya tausasa murya ya nuna injin da hannu biyu.

"Inna, ga abin da Allah ya ba ki. Kin karɓa, ko a bari ki sake juyawa?"

Ina ganin ta ja bakin zane ta rufe baki ta sunkuyar da kai, na san mun shiga uku.

"Kai, ɗana, a'a. Ku bar shi. Kun biya mota, kun ba mu masauki, hidima ta yi muku yawa."

Ƙararrawa ta buga.

Na cusa mayafi a baki don kada in yi ihu a soke wasan. Goggo kuwa tana tsaye tana murmushi, tana jiran tayi na biyu. Shiru. Ta ɗago ta dube shi.

"Ba ka sakewa?"

"Inna," ya ce, "doka tambaya ɗaya ce."

Abin da ta faɗa daga nan shi ne guntun da kuka gani a waya. Ta ce, "Mu garinmu, in ka ba babba abu yac ce a'a, ba ƙi ya yi ba, mutunci na ya yi maka. Sai ka sake, ka kuma sakewa. Wanda yat tambaya so ɗaya yad daina, da ma bai yi niyya ba."

Wasu suka yi dariya, wasu tsofaffi a bayana suka ce wallahi gaskiya ne. Mai gabatarwa ya waiwaya wajen gilashi yana roƙo da ido, alƙali ya girgiza kai. Ban ga laifinsa ba, an yi wa tela haka a gabanmu. Goggo ta sake kama faifan, ya zagaya, ya tsaya a kan bokitan roba. Ta karɓe su da hannu biyu ta sa albarka, ba ta nuna komai ba. Ni ce na yi kukan a madadinta, hodar da ban shafa ba ma sai da ta wanke.

Shirin kai tsaye ake nuna shi, don haka kafin mu kai Doso a hanyar dawowa duk bas ta san mu. Wani ya miƙo dabino yana cewa, "Inna ga dabino, ga dabino, ga dabino," a jere don a gama da wuri. Mota ta kwashe da dariya, ita ma ta ɗan murmusa ta karɓa. Haka muka yi ta tafiya har muka tsallake iyaka. Muna wuce Zurmi, bokitai a kan cinyarta, ta ce a hankali, "Balki, in mun isa ki taya ni ɗaurin kaya. Turmin ki ba maƙwabciya." Ban taɓa jin muryarta ta mutu haka ba, tausayinta ya kama ni.

Muka isa Shinkafi da la'asar, sai ga motar Yaya Bello a ƙofar gida. Goggo ta tsaya ta ce, "Ko girbin bai bari an gama ba." Muka shiga. Yana tsugune a tsakar gida kusa da turmi, gefensa wani abu lulluɓe da tabarma. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri kamar yadda ta saba. Daga baya ya faɗa mini tun daga Gusau yake maimaita abin da zai ce, ya shirya yin tayi ko sau goma ne.

Ya yi gyaran murya ya yaye tabarmar. Inji ne, kore, da ledarsa.

"Inna, na ga shirin. Na ji abin da kika ce. Wancan karon sau ɗaya na tambaye ki na yi shiru, ki yafe mini. Ga wannan, ko za ki..."

"Na karɓa!"

Ta yar da bokitai ta dafa injin da hannu biyu.

"Na karɓa. Balki, ke ta shaida. Kada wani shi buga min ƙararrawa."

Yaya Bello ya saki baki. Ya dube ni, ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa yana dariya.

"Inna, ai saura biyu ban yi ba."

Ta juya mana baya tana goge ido da bakin zane, wai hayaƙin maƙwabta ne ya shige mata.

"Kada su lalace," ta ce. "Tambaye ni zancen Gusau da su."

Ya tambaya, ta ce a'a. Ya sake tambaya, ta ce a'a. Ya ƙara ɗaya daga aljihunsa don ya tabbatar, ta ce, "Bello, a'a." Ranar ce na fara jin sunansa a bakinta.